Baba, Motarka Tana Tashi

Allah Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, 9 ga watan Afrilu, da hantsi, mahaifinmu ya rasu a asibiti bayan doguwar jinyar ciwon suga. A unguwa Baba Direba ake ce masa. Ni ce autarsa, kuma ni ya bar wa makullin mota.

Baba, tun ranar mutane ke zuwa gaisuwa, kowa da labarinsa. Wata ta ce kai ka kai ta asibiti tana naƙuda. Wani ya ce a bakin titi ka tsince shi, motarsa ta mutu, ka tuɓe riga ka shiga ƙarƙashinta ba ka ko tambayi sunansa ba. Wannan kam mu ne shaida, domin ba ka taɓa wuce buɗaɗɗen bonet ba, kuma saboda haka ba mu taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Inna ta sha cewa da mota ta san hanyar kicin, da tuni ita Innar ka sallame ta.

Amma ni abin da nake so in tuna, na bara ne. Ciwo ya riga ya tafi da idonka, hannunka kuma ya fara rawa. Tsohuwar motarka tana gareji, in an murɗa makulli sai ta yi tari, ta jijjiga, ta mutu. Yayanmu, ganin babu mai kula da ita, ya yi magana da mai sayen tsofaffin motoci ya zo ya ja ta da yamma. Ba mugunta ya yi ba. Sai dai ka ƙi cin abinci, kuma na gane ba ƙarfe za a ja ba, abu na ƙarshe da ya rage maka na aikinka ne.

Ka kira ni ka ce, "Auta, lafiyarta ƙalau, fulogi ne kawai. Je ki sayo huɗu, ke za ki canza."

Na ce, "Baba, ni fa tela ce. Keken ɗinki na sani."

"Shi ma inji ne. Ɗauko mini kujera."

Ka zauna a ƙofar gareji, sanda a tsakanin gwiwoyinka, kana ba da umarni. Ka sa na taɓa injin na tabbatar ya huce. Ka sa na goge ƙurar da ke kewaye kada ta faɗa ciki. Sai wani maƙwabci ya tsaya gaishe ka, ni kuma na ce bari in rage aiki. Na cire wayoyin fulogin nan gaba ɗaya, na goge su tas, na jera a kan faranti kamar cokula. Har da alfahari na sanar da kai.

Ka fashe da dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Ashe ɗaya bayan ɗaya ake cirewa, don kowace waya da gurbinta, in aka rikita su inji ba zai yi aiki daidai ba. Na ce shi ke nan, na ƙarasa kashe maka mota. Ka ce, "Wa ya mutu? Miƙo su nan."

Ka shafa su da yatsu, ka ware doguwa da gajera, ka faɗa mini inda kowace za ta koma. Sabon fulogi kuwa ka hana ni sa masa sufana da farko. Ka ce in ɗaura da hannu, a hankali, in na ji ya cije in dawo baya, kada in yi masa dole. Sai da ya zauna daram na ɗan ɗaure. Hannuna ya yi baƙi, farcena ya karye, zufa tana shiga mini ido.

Na murɗa makulli. Ta tashi, amma tana rawa, salansa yana harbi. Ka karkata kai ka saurara, ka ce in kashe, in musanya wayoyi biyu na tsakiya. Na musanya, na sake murɗawa. Wallahi Baba, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na yi ihu, Inna ta fito da ludayi a hannu, Yaya kuma ya zura hannu ta taga yana danna hon kamar ƙaramin yaro.

Daidai nan mai saye ya iso da motar ja, ya tare ƙofa. Lokacin ka riga ka hakimce a kujerar gaba. Ka sauke gilashi ka ce, "Bawan Allah, ɗan matsa mana, fita za mu yi."

Daga ranar, kowace Asabar ni ke fita da kai. Ba ka ganin hanya, amma kana gaya mini lokacin sauya giya. Kuma ranar da jikinka ya tsananta, ita ce ta kai ka asibiti, murɗa ɗaya ta tashi. Ma'aikatan jinya suna ƙoƙarin ɗora ka a kan keken marasa lafiya, numfashinka da ƙyar, ka riƙe hannun ɗayansu ka ce, "Ka ji injin nan? Aikin 'yata ne."

Ina kewarka ƙwarai, Baba, amma ba ka bar ni hannu sake ba. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya tsaya maka kamar yadda ka tsaya wa bayinSa a bakin hanya. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da Yaya, da 'yan'uwa da jikoki, da duk wanda ka taɓa rage wa hanya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Amin.