Ɗan Shekara Ɗari Shida da Ashirin

Siddiƙu mai buga tafireta ne a wata ma'aikata a Sakkwato. Lokacin da kuɗin mai ya yi yawa har aka rasa abin saye, ma'aikatar ta sayo kwamfuta, aka tura shi kwas Kaduna ya koyi yarenta. Ya dawo ya iya abu guda sosai. Yakan rubuta mata 'yan layukan umarni, ta bi rubutu layi-layi tana tsamo lambar da ke ciki, ta jera daga ƙarama zuwa babba. Ya shekara uku babu wanda ya nemi a jera masa komai.

A 1984 soja suka ce a rage ma'aikata, a fara da tsofaffi. Kowa ya cike fom, aka shigar cikin kwamfutar, mutum ɗaya layi ɗaya. Siddiƙu ya umarci na'urar ta tsamo shekarar haihuwar kowa ta jera. Arba'in na sama su ne za su tafi.

"Wagga ba ta san ɗan kowa ba, ba ta kuskure," in ji shi ga Malam Junaidu, shugaban sashensu. Ya naɗe takardar bai karanta ba, don kada a ce ya gani ya gyara.

Da aka kafe sunayen, sunan Siddiƙu ne na farko. Mahaifinsa, malamin zaure, ya rubuta haihuwarsa a bangon littafi da shekarar Hijira, 1364, shi kuwa ita ya kwafa a fom, don ita kaɗai ya tabbatar da gaskiyarta.

Ya ruga ofishin Junaidu da littafin a hannu. "Ranka shi daɗe, shekarata arba'in!"

"Kai kac ce ba ta kuskure," in ji Junaidu. "Gwamna ya riga ya sa hannu. So kake in je in ce ma mai kaki ya sa hannu ga shirme? Ka girmi garin ga kansa. Sa muna albarka, Baba."

Aka sallame shi ranar Litinin, iyalinsa tara.

Sauran rayuwarsa ya yi ta ne gindin dogon yaro a bakin kotu, yana buga takardar rantsuwar shekaru, irin wadda tsofaffin da suka tsira duk suka mallaka tuntuni. Bai taɓa tambayar kowa yaushe aka haife shi ba. Yakan zura takarda kawai ya ce, "Shekara nawa kaka so?"