Sunan da Muka Ɓoye wa Mutuwa

Wata Laraba cikin damina, ina aji uku a firamare, na dawo gida na hango ƙanwata tsugune a bakin kwatar layinmu a Karmo, tana miƙa hannu za ta kamo takalminta da ruwa ya ja. Ban san lokacin da na ƙwala mata kira da sunanta na yanka ba. Mama ta bar awara a wuta, ta fito a guje ta toshe mini baki.

'Ya'ya biyu Mama ta binne bayana, shi ya sa da aka haifi wannan aka ɓoye sunanta, muke ce mata Ajuji, wai in mutuwa ta zo ta ji kayan juji ne sai ta wuce. "Da suna take neman mutum," haka Mama ke cewa kullum.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta. Maƙwabciyarmu Maman Joy ta ce, "Wannan maleriya ne, ku kai ta asibiti, ba suna ba ne." Baba ya ajiye baron lemonsa, aka kai ta. Ni dai na riga na yanke cewa ni na tona ta. Na daina zuwa makaranta. In an aike ni ɗebo ruwa, sai in bi lungu-lungu da jarka ina kiran Ajuji har muryata ta dushe. Na rubuta Ajuji da gawayi a ƙofarmu ta langa-langa, na je kan juji na tsaya ina kuka, ina roƙon Allah Ya mayar mini da kalmar nan cikin bakina. A rana ta shida ta rasu.

A jami'a na ji cewa masanan Girka na dā sun yi ta jayayya kan wannan. Wasu sun ce suna yana manne da abu tun asalinsa, wasu sun ce yarjejeniya ce kawai ta mutane, kamar lambar gida. Na rungumi na biyun kamar raina, na rubuta shafi huɗu a jarrabawa cewa sauro bai san sunan kowa ba.

Yanzu 'ya'yana suna kiran juna da cikakken suna a tsakar gida, ba mai toshe musu baki. Na ƙanwata kuwa har yau ban sake furta shi ba.