Takardar da Kaka ya kafa tunga da ita

Jiya Goggo ta zo daga Kebbe, ta kwance bakin zane ta miƙo mini wata takarda da ta yi ja don tsufa. So take in kai a rufe mata ita da leda kafin ta ƙarasa ruɓewa.

Duk zuri'armu mun san labarinta. Da ita kakanmu ya bar Tambuwal zamanin Turawa ya sari daji ya kafa tungarmu. Dogarin da duk ya zo tashinsa, sai ya nuna masa hatimin Bature Di'o da ke jikinta, dogari ya rusuna ya juya.

Ban taɓa karanta ta ba sai jiya. A makaranta an koya mana "approved", wato an amince. To ga shi nan a ƙasa da jan alƙalami, sai dai akwai "not" a gabansa. Bature bai yarda ba.

Na yi ta gyaran tabarau, ina neman yadda zan gaya wa 'yar shekara tamanin cewa ubanta ba shi da izini.

Ta ce, "Kai ɗan boko, mi kag gani kake zufa? Ƙiyawa ya yi, ko?"

Na ce, "Goggo, dama kin sani?"

"Baba ma ya sani, akawu ya karanta mishi. Cewa Baba ya yi ƙin na Bature ne, hatimin kuwa nashi ne, tunda an ba shi."

Yau gida arba'in ne a tungar, har da masallacin Juma'a.

Masu tsofaffin takardu a adaka, kun karanta naku kuwa?