Gyaran Da Ban Rubuta Ba

Ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe tara na safe, na kulle kaina a waje. Na shiga ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin ma'aikatarmu, waɗanda muke kira saba, da niyyar toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, sai na haɗa har da ƙofar da ni kaina na shigo ta cikinta. Allo ya tsaya cak. Garin neman gira na rasa ido. Na yi abin da na saba yi shekara huɗu in na jawo wa kaina, wato na kira wayarki, alhali na san mako biyu ke nan kina kwance a asibiti. Na kira sau biyu ba a ɗauka ba, har ina gunaguni. A na uku maigidanki ya ɗauka, ya ce, "Baban 'Yan Biyu, sai haƙuri. Injiniya ta rasu da asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ko ya jiki ban fara tambaya ba, Injiniya. Matsalata na riƙo a baki na kira ki.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne wanda karatunsa ya tsaya a aji biyu na sakandare, ba don makaranta ta ƙare ba. An ɗauke ni a kamfanin rarraba magunguna don in ja waya in ɗauki tsani. Da yake ni ne kullum a ɗakin sanyi inda sabobin suke, sannu a hankali aka mayar da ni likitansu. Guda tara ne, uku a hedikwata, shida a rassa, kuma kowace da hannu na saita ta. Wannan sai an lallashe ta, waccan ba a taɓa ta ranar da aka ɗauke wuta. Duk sirrinsu yana cikin kaina, kan da har yau bai haddace lambar wayar mai ɗakina ba.

Da kika zo kamfanin a matsayin injiniyar kwamfuta kika ga haka, ba ki raina ni ba. Kin zaunar da ni kika ce duk abin da ke cikin kan nan za mu juye shi a fayil guda: wace manhaja za a sa, wace ƙofa za a buɗe, ina za a ajiye bayanai. Sai kwamfuta ta karanta fayil ɗin, ta bi sabobin ɗaya bayan ɗaya ta daidaita su da kanta. Muka sa masa suna kundi. Na tambaye ki ko wannan ba hanyar korata ba ce a cikin ladabi. Kika ce a'a, hanyar da zan riƙa tafiya hutu ce ba tare da an kira ni ba.

Sannan kika nuna mini abin da ya fi ba ni mamaki. A cikin tsohuwar kwamfutata ta cinya kika ƙirƙiri wasu ƙananan kwamfutoci uku, ba su da jiki sai dai kamanni, amma suna aiki tamkar sabobin gaske. Kika ce a kansu ake gwada kundi kafin a kusanci na gaskiya. Na ce ashe 'yan tsana ne, irin waɗanda yarinya ke koyon goyo da su, sunan kuwa ya bi su har yau. A makon farko na kashe su sau goma sha ɗaya. Duk sanda na kashe sai ki buga umarni guda, kafin shayina ya huce sun dawo sababbi. In allo ya zazzago Turancinsa ja, ke ce kike fassara mini a hankali, ba ki taɓa gyara mini kuskure a gaban mutane ba. Ranar da aka kwantar da ɗaya daga cikin 'yan biyuna, kwana shida kika haɗa aikina da naki, kuma da kika zo dubiya kika ce wa mai ɗakina mijinta injiniya ne, takarda ce kawai ba ta riske shi ba. Ta daɗe tana tsokanata da maganar nan. Ni kuwa na fi wata ina tafiya da ƙirji a gaba.

Doka ɗaya kika kafa mini: kada hannu ya taɓa saba ta gaske. In gyara ya taso, a rubuta shi a kundi, a gwada a kan 'yan tsana, sannan a tura. Kikan ce abin da ba a rubuta ba, a wajen kundi ba a yi shi ba.

A nan ne ta'aziyyar nan za ta yi mini nauyi, amma don wannan na ɗauki alƙalami.

Bara, ma'ajiyar sabar reshenmu na bayan tashar mota ta cika. Kina wani taro, mutanen reshe suna ta kira. Na shiga da hannu na mayar da wurin ajiye odar magunguna zuwa ɗaya faifan da ke da fili. Minti biyar komai ya tashi, aka yi ta sa mini albarka. Na ce bayan cin abinci zan rubuta a kundi. Anjima ta zama gobe, gobe ta zama jibi, har na manta.

Bayan mako uku ranarki ta zo, ranar da za a fara tura kundi kan sabobi tara gaba ɗaya. Sau biyar kika gwada a kan 'yan tsana, komai lafiya, domin su daga kundi aka gina su, ba su san ɓarnata ba. Da kundi ya isa sabar reshen nan ya ga wurin ajiya ba inda aka rubuta masa ba, sai ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya mayar da shi tsohon faifai. Odar mako uku ta ɓace daga allo. Motoci suka tsaya a bakin sito tun safe har la'asar, masu kantin magani suna ta bugo waya, har da mai jiran allurar masu ciwon suga. Ke kika gano inda bayanan suke kika dawo da su, amma yini ya riga ya tafi.

Washegari Manaja ya tara mu. Kafin ya fara faɗa kika waiwayo kika tambaya ko akwai wanda ya taɓa sabar nan da hannu. Na ɗaga hannuwana biyu na ce waɗannan ko maɓallin riga sai an taya su. Aka yi dariya, har da Manaja. Kika dube ni, ba duban fushi ba, sannan kika ce, "To laifina ne, ban bincika sosai ba." Aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗinki. Aka hana tura kundi sai da sa hannun Manaja. Ƙarin girman da kowa ya san naki ne ya wuce ki.

Ina da hujjoji, na kuwa jera wa kaina su har na gaji. 'Ya'ya huɗu, ba takardar shaida. Mai digiri in an kore shi ya ƙwanƙwasa wata ƙofa, ni kuwa tsanina zan saɓa. Na ce in ƙura ta lafa zan faɗa miki. Ƙura ta lafa, sai kunya ta maye gurbinta. Da kika kwanta na zo dubiya sau biyu da maganar a bakina, na ɓuge da ba ki labarin firintar da ta cinye takardar Manaja, kina dariya kina riƙe ciki.

Bayan an kai ki makwancinki na koma ɗakin sanyi na buɗe kundi don in ga yadda kika tsara ƙofofin sabar da na toshe. Ina gangarawa sai na ci karo da sashen reshen bayan tasha. Gyaran nan nawa yana ciki, a rubuce tsaf, da kwanan watan ranar da aka tara mu. A samansa kin bar ɗan bayani, irin wanda kwamfuta ba ta karantawa sai mutum: "Gyaran Baban 'Yan Biyu ne. Daidai ya yi, rubutawa ce bai yi ba."

Ashe kin sani. Saba tana ajiye sunan duk wanda ya shiga cikinta da lokacin da ya shiga, ke kika koya mini haka da bakinki. Kin shiga taron nan da sunana a hannu, kika ba ni dama in faɗa da kaina, na mayar da ita wasa, kika rufa mini asiri. Shekara guda kina gaishe ni kullum da safe, kina tambayar 'yan biyu.

Allah Ya jiƙanki, Injiniya. Allah Ya rufa miki asiri ranar da asirai ke tonuwa, kamar yadda kika rufa wa wanda bai cancanta ba. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da mahaifiyarki, da 'ya'yanki biyu, da 'yan'uwa baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ta bari. Ina kuma roƙonku gafara, domin baƙin cikin da ta shigo da shi gida a makon nan na bara, ni na aiko muku da shi.

Ranar Alhamis Manaja ya ce tunda mai kundi ta tafi, za a ajiye shi a koma aikin hannu, dama ya taɓa kai mu ƙasa. Kowa ya yi shiru, ni ma na yi, karo na biyu ke nan da na ɓoye gaskiya. Da na koma gida na kwashe komai na faɗa wa mai ɗakina. Da na gama, ta ce, "Baban yara, tsani bai taɓa kashe ka ba. Ka je ka faɗa."

Takardar gargaɗin nan tana nan a fayil ɗinki, kuma sunana ya kamata a gani a kanta. Ranar Litinin ƙarfe takwas zan shiga ofishin Manaja in gaya masa kundi bai taɓa kai mu ƙasa ba, ni ne. Ban san ko zan fito da aikina ba. Na dai roƙi Allah Ya riƙe mini harshe, kada in sa shi dariya kafin in gama.