Gwaggona ta bayan gari

Ina aji na biyu a kolej mushenmu, wato malaminmu na tarihi, ya kwashe mu zuwa Pérouges, wani tsohon wuri kusa da Lyon. Ya ce birni ne na zamanin da, lokacin da Turawa ke yaƙi da takobi. Na shiga ta ƙofa ɗaya, kafin in cinye wainar sukarin da na saya na ɓullo ta ɗayar. Na ɗaga hannu na ce ai wannan ƙauye ne, wurin ajiye motocin unguwarmu ta Rillieux ma ya fi shi girma.

Mushe bai ji haushi ba. Ya ce a wancan zamani ba kawunan mutane kaɗai ake ƙirgawa ba. Ƙauye shi ne inda kowa manomi ne, ga coci guda, ga gonaki, shi ke nan. In wuri ya samu kasuwa mai ci mako-mako, da maƙera da masaƙa da ke cin abinci da sana'arsu, to ya zama gari. Birni kuwa sai da ganuwa, da ƙofofin da ake rufewa in rana ta faɗi, manyansu har da babban limamin coci. Ƙasar da ke wajen ganuwa amma dokar birni ke kai mata, ita ake ce wa banlieue. Sai ya ba mu aikin gida: kowa ya nemo waɗannan kalmomi a harshen iyayensa.

A satin ne Gwaggo ta zo daga Paris. Yayar Baba ce, kuma su a unguwar Birni ta Damagaram aka haife su, abin da take tuna mana sau tara kafin ta cire takalmi. A wurinta Lyon ƙauye ne mai tiram, ɗan jirgin ƙasan nan na kan titi. Mama kuwa ba ta taɓa samun wani suna a bakinta ba sai 'yar ƙauye. In gishiri ya yi yawa, hannun ƙauye ne. In ya yi kaɗan, rowar ƙauye ce. Mama takan yi murmushi ta wuce kicin, amma na lura da abu ɗaya: duk wanda ya tambaye ta garinsu, Maraɗi take cewa. Ni da na fito daga cikinta ban taɓa jin sunan inda aka haife ta ba.

Ranar Lahadi muna cin shinkafa da miyar gyaɗa na ɗauko kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na ajiye kusa da faranti. Na ce aikin lakwal ne, daga makaranta aka ba mu, kuma in na ci sifiri za a rubuta a takarda cewa dangina ne suka ƙi taimakona. Ƙarya nake, amma ta yi aiki.

Na fara da Gwaggo. Ta gyara ɗankwali ta ba ni labarin ganuwar Damagaram, tsayinta da kaurinta, har na ɗauka jirgin sama ma sai ya nemi izini kafin ya tsallake. Na rubuta birni. Sannan na juya wajen Mama na tambaye ta ko garinsu na da kasuwa. Ta dubi farantinta ta ce akwai, ranar Alhamis take ci. Na ce maƙera fa? Ta ce layi guda ne nasu, kuma kakanta marini ne, mutane na kwana biyu a hanya su kawo masa zane. Muryarta ta ɗan ɗago. Ta ce ranar kasuwa jakuna sukan cika fili har yara su rasa wurin wasa.

Na ce to bisa dokar mushe wannan gari ne, ba ƙauye ba, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Gwaggo ta ce mushe bai taɓa zuwa can ba.

Saura kalma ɗaya. Na tambayi Baba yadda ake cewa banlieue da Hausa. Yana tauna nama, bai yi tunani ba ya ce bayan gari. Na rubuta a hankali. Na sani sarai bayan gari shi ne inda mutanen zamanin da suke nufa da buta a hannu. Na kuma san gidan Gwaggo, don mun je hutu: daga tsakiyar Paris sai ka shiga jirgin ƙasa, ka yi barci, ka farka, ka sauka ka jira bas.

Na ce, "Gwaggo, ke nan ke a bayan gari kike zaune?"

Shinkafa ta sarƙe Baba. Gwaggo ta ajiye cokali ta dube ni kamar za ta soya ni.

"Ke, 'yar nema. Uban naki a cikin gari yake?"

"A'a Gwaggo, mu ma bayan gari muke. Duk teburin nan mutum ɗaya ce 'yar gari."

Mama ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban taɓa ganin ta yi dariya a gaban Gwaggo ba. Baba ya ce in rufe kayen nan kafin ya rufe ni da shi. Gwaggo ta yi ƙwafa, ta ce lakwal ɗin Faransa ba abin da take koya wa yara sai rashin kunya, sannan ta miƙa faranti ta ce a ƙara mata miya. Ba ta ce komai game da gishiri ba.

Da muna wanke kwanoni Mama ta ja kunnena, ba da ƙarfi ba, ta ce kar in kuskura in sake. Can kuma ta tambaya ko mushe zai so a sa sunan garin. Na ce dole ne, ko da yake bai ce ba. Ta goge hannu a zane ta faɗa mini, na rubuta, ta leƙa ta ce na manta lanƙwasar ƙ, in gyara kar Bature ya karanta shi ba daidai ba.