Ƙullin Mayafin Iya

Makarantarmu ɗaki biyu ce da gindin tsamiya, a wani ƙauye tsakanin Roni da Kazaure, daidai inda duwatsu ke fara tasowa. Na shiga ne a shekarun da kuɗin man fetur ya fara zuba, aka ce kowane yaro sai ya je boko, kuma kyauta ne. Ƙananan cikinmu a gindin tsamiyar muke zama, kowa da ɗan allonsa da guntun alli. Da 'ya'yan tsamiyar nan muka koyi tarawa da ɗebewa, shi ya sa har yau in na ga tsamiya a kasuwa sai lissafi ya faɗo mini. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a reshe shi ne ƙararrawarmu. Malamai biyu gare mu, hedimasta da Malam Bulus, wani Kirista daga kudancin Zariya, dogo, mai dariya da dukan jikinsa.

Biki biyu muke da shi a shekara. Na farko ranar samun 'yancin kai, mu yi tutoci da takarda da karan dawa, mu yi maci mu zagaye fili, a ba mu shinkafa. Na biyun kuwa namu ne na kanmu, bikin kaka, ana gab da ba mu hutu. A ranar ake dafa gyaɗar da muka noma a gonar makaranta, a gayyato iyaye, kowane aji ya fito ya nuna abin da ya koya.

Ina son makarantar nan kamar me, amma in'ina gare ni, kuma mai tsanani. In ana kiran suna da safe aka zo kan Haruna, sai in maƙale a bakin “ina nan”, ina “i-i-i” har yara su ƙarasa mini. Rubutu kuwa ba wanda ya fi ni a ajinmu, tun da hannu ba ya in'ina. A bikin 'yancin kai na shekarata ta biyu aka ba kowannenmu layi guda ya faɗa a gaban iyaye. Da aka zo kaina na buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska da yawu. Yara suka fashe da dariya, har wasu manya suka taya su. Na hango Baba a cikin mutane ya sunkuyar da kai.

Baba ba mugu ba ne, tausayi ne ya yi masa yawa. Da muka koma gida ya ce ba zai ƙara zama yana kallo ana mai da ɗansa abin dariya ba. Da zarar an yi hutun bayan bikin kaka zai kai ni Gwiwa wurin Kawu mai kiwon awaki, in zauna can, don a cewarsa awaki ba sa yi wa mutum dariya. Na so in ce masa ina son makaranta, amma maganar ta ƙi fita, sai kuka.

Mahaifiyar Baba, Iya muke kiranta, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin duk abin da ake yi. Sunan mijinta marigayi aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana. Maigidana take ce mini, ta kuma bi ni da tsiya, wai an haɗa ta da miji ba cefane sai cin tuwo. Da sanyi ya fara shigowa, in an idar da sallar isha'i, takan hura 'yar wuta da kara a ƙofar ɗakinta, mu da yaran maƙwabta mu kewaye ta. Tatsuniyar Iya ba kyauta ba ce. Za ta girke ƙwaryar gyaɗa a tsakiya, kowa ya yi ta ɓara, wanda hannunsa ya tsaya sai ita ma bakinta ya tsaya. Har yanzu ina jin ƙanshin 'yan ƙwayoyin da muke sacewa mu tura cikin toka, tana gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan maganar Baba da 'yan makonni ta zo mana da wata wadda ba mu taɓa ji ba. Ta gyara zama ta ce, “To, ga wata nan tafe, ku matso ku tare ta.” Muka ce ta iso lafiya.

Wai akwai wata tsohuwa a can ƙolin dutse, tana da wani ƙaton tulu. In ta karkata shi sai rafi ya gudano, kowa ya sha. Wata shekara ta duƙufa kan niƙa, ta manta da tulun, rafi ya ƙafe. Tsuntsaye suka taru suka aiki aku, tun da shi ne gwanin zance. Ya je ya zuba bayani tiryan-tiryan, amma ƙarar dutsen niƙa ta danne muryarsa, tsohuwa ko ɗagowa ba ta yi ba. Aka aiki hankaka, ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe, ya dawo haka nan. Sai kurciya ta ce za ta je. Aka yi ta dariya, don kurciya in ta fara magana “ku-ku-ku” take yi, ba ta ƙarasawa. Ta dai tafi. Da ta isa ta buɗe baki, magana ta maƙale, sai ta haƙura ta zauna tana sauraron niƙan. Ta ji dutsen yana tafiya yana dawowa, yana tafiya yana dawowa. Sai ta ɗora maganarta a kan tafiyar dutsen.

A nan Iya takan shimfiɗa tafin hannunta a cinya, tana turawa tana jawowa kamar mai niƙa, ta rera:

Tsohuwa mai niƙa, ɗago,
Gero ya yi yaushi a gona,
Tsohuwa mai niƙa, ɗago,
Karkato tulu mu sha.

Mu kuma mu amsa, “Karkato, karkato.” Tsohuwa ta ji abin da ya dace da hannunta, ta ɗago, ta ga kurciya, ta karkata tulu. Iya ta ce ta sauke ta nan, wanda ya ga ƙarya a ciki ya tsince ta ya kai wa uwarsa.

Washegari ta maimaita ta, jibi ma haka, har yara suka fara ƙorafi. Sai ta ce muryarta ta gaji, Maigidanta ya karɓi waƙar, tun da ba ya cefane ai ya yi wani amfanin. Na sa hannu a cinya ina turawa ina jawowa, na rera. Sai da na kai ƙarshe na lura ban tsaya ko sau ɗaya ba. Iya ba ta yabe ni ba, cewa ta yi hannuna ya bar ɓarar gyaɗa. Daga waƙa ta miƙa mini zancen aku, daga aku sai hankaka, a hankali labarin duka ya dawo bakina. Muddin hannuna yana niƙa a cinya, magana tana biyo shi.

Malam Bulus yakan zo gidanmu sayen ƙuli-ƙuli wurin Inna, mahaifiyata. Wani dare yana zaure yana jira ya jiyo muryata, ya tambayi Baba wane yaro ne wannan mai zuba labari haka. Da aka ce masa ni ne, sai ya roƙi alfarma a bar ni in yi tatsuniyar nan a bikin kaka, in an sake yi mini dariya shi da kansa zai raka ni Gwiwa. Baba ya ce a tambayi tsohuwa.

Mun ɗauka Iya za ta yi murna, sai ga shi ta ƙi ƙememe. Ta fito har bakin zaure ta ce, “Malam, ku 'yan boko ba ku da tsoro. Da rana tsaka za a yi bikin nan ko? Wa ya taɓa yin tatsuniya da rana? Yaro ɓata yake yi, a neme shi a rasa.” Haka muka taso muna ji, kuma ita ta yarda da shi har zuciyarta. Malam Bulus bai yi mata gardama ba. Ya durƙusa ya ce, “Iya, a garinmu ma haka tsofaffi ke faɗa. Amma in bai yi ba, makaranta ce za ta neme shi ta rasa.” Ta dube shi ta koma ciki. Na kwana ina jin haushinta, ina ganin ita ta nuna mini hanya ita kuma ta tare.

Ranar biki da safe ta kira ni ɗakinta. Ta ɗauko wani mayafinta baƙi na saƙi, ta kama gefensa ta ƙulla, ta ja da haƙori har ya yi tauri.

Ta ce, “Ka ga wannan? Na ɗaure ka a nan. Je ka yi tatsuniyarka da rana, ba inda za ka ɓata ina riƙe da kai.”

Iya ba ta taɓa taka makarantar nan ba, takan ce wurin yara ne da masu wando. Ran nan ta yafa mayafinta ta bi bayanmu, ta ratsa mutane ta zauna a gaba kan tabarmar mata. Aka ci dafaffiyar gyaɗa, 'yan babban aji suka yi lissafi da ka, wasu suka yi wasan tsalle cikin buhu. Sai Malam Bulus ya kira sunana.

Na fito na ga idanu, na ga Baba can baya a tsaye. Na buɗe baki, sai abin nan ya dawo. “Wa-wa-wa” kawai nake yi, na kasa fitar da “wai”. Wani yaro ya ƙyalƙyale. Kaina ya yi fayau, ban san farkon labarin ba balle ƙarshensa, na ce a raina ashe ɓatan da Iya ke faɗa ke nan. Da na dube ta sai na ga ƙullin a damƙe a hannunta na hagu, na daman kuma yana cinyarta, tana turawa tana jawowa, ba ta ko kallon kowa. Na sa nawa hannun a cinya a tsaye, na bi nata. Tafiya, dawowa. Sai “wai” ta fito, tsohuwa mai tulu ta biyo ta.

Ba zan ce ban ƙara sarƙewa ba, na sarƙe wajen hankaka, amma na wuce. Da na kai waƙar, yaran unguwarmu da suka sha jinta har ta gundure su suka amsa, sauran makaranta suka ɗauka, har iyaye mata suna “karkato, karkato” suna tafi. Aka yi dariya sosai wajen “ku-ku-ku” na kurciya, amma na san bambancin wannan dariyar da waccan. Tun daga ran nan ba a sake ambatar Gwiwa ba. Ranar da aka dawo daga hutu Baba ne ya tashe ni, ya ce in yi sauri kada a buga ƙarfe ina gida.

Na ƙare firamare, na tafi makarantar horon malamai, na yi shekaru ina koyarwa a Babura da Kazaure har na yi ritaya. In'inar ba ta rabu da ni gaba ɗaya ba, kuma ɗalibaina duk sun san Malam Haruna da shafa cinya in zance ya yi masa nauyi. A kowane aji na samu yaro irina, mai magana ko karatu a maƙale, nakan tuna kurciya in rage gaggawa, in nemi abin da nasa hannun zai bi. Na sha tambayar tsofaffi a garuruwan da na zauna ko sun san tatsuniyar tsohuwa mai tulu, ban taɓa samun wanda ya sani ba. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa a wancan lokacin ta sha jin Iya a bakin dutsen niƙa tana gwada waƙar ita kaɗai, tana canja kalmomi. Ashe domina ta ƙaga ta. Na gode wa Malam Bulus tun yana raye, na je har garinsu. Iya kuwa ban san zurfin abin da ta yi mini ba sai da ta tafi, Allah ya ji ƙanta.

Da ta rasu ina koyarwa a Babura. Bayan an share makoki ana raba 'yan kayanta, Inna ta miƙo mini baƙin mayafin nan, ya koɗe, gefensa ya zare, amma ƙullin yana nan. Ta ce ta sha wanke shi, kuma duk lokacin da ta kai hannu za ta kwance sai Iya ta hana, ta ce, “Bar shi. Maigidana ya zaɓi aikin magana da rana, kullum yana gaban yara. In na kwance wa zai riƙe shi?”

Mayafin yana cikin akwatina, kuma ni ma ban kwance ba.