Ranar da Rijiya Ta Rufta wa Habu

Ban taɓa mantawa da ranar da rijiyar hanyar Kelle ta rufta wa Habu ba. Na ce ban manta ba, samari, ban ce ina ganinta ba.

Ni in na rufe ido, duhu ne kawai. Na san uwata doguwa ce, na san tana da tsaga a kumatu, amma sani ne irin na gobe Juma'a. Fuskarta ba ta zuwa. Har furfura ta fara fito mini ina zaton kowa haka yake, in mutum ya ce yana ganin wani a ransa, salon magana ne.

A wurin aiki na gane. Lokacin muna ƙarƙashin Baba Kyari, kumandan da ke mulkin yankinmu ya sa a haƙa rijiyoyi a hanyoyin da suka fita daga Gure. Ga wanda bai san aikin ba, ƙasarmu yashi ce, ba ta tsayuwa da kanta. In an haƙa kamar tsayin mutum, sai a ɗaure bango da itace da ciyawa, kana a ci gaba. Mutum ɗaya yana ƙasa da dagi, sauran suna kan igiya suna jan kwando, ubangida yana lura da bango.

Shekara guda kafin abin Habu, wata rijiya wajen Gamu ta kashe mana Isa. Mu muka ciro gawar. Tun daga nan Bukar, abokina a kan igiya, ya rasa sukuni. Wata rana muna shan fura a inuwa ya ajiye ludayi ya ce, "Da na rufe ido sai ga Isa, bakinsa cike da yashi."

Na ce, "Sai ga shi kamar yaya?"

"Kamar yadda nake ganinka mana. Kai ba ka ganinsa?"

"Ban ga komai ba."

Ya ce, "Kai Salisu, ko dai ba ka da zuciya, ko kanka wankakkiyar ƙwarya ce."

Aka yi dariya, sunan ya bi ni: Ƙwarya. Abin ya tsaya mini a rai. Ina tafiya ina gwadawa, ina zaune ina gwadawa, har cikin salla, Allah ya yafe mini. In matse ido in kira Isa, babu Isa. Na fara tambayar kaina ko dama ban ƙaunace shi ba ne.

To, da bazara ne, hantsi ya ɗaga, Habu yana ƙasa, mun kusa ruwa don yashin da ke fitowa ya fara danshi. Sai muka ji ƙara kamar an farke buhun gero. Wani itacen ɗauri ya karye. Ƙura ta taso. Da ta lafa muka ji muryarsa, yana da rai, yashi ya binne shi har ƙirji, kuma bangon bai daina zuba ba. In ba a ciro shi da wuri ba, sauran zai biyo.

Baba Kyari tsufa ya kashe masa gwiwoyi tuni, ba ya iya sauka. A ƙa'ida Bukar ne mai sauka, ya fi ni rashin nauyi, ya fi ni hanzari. Ya ɗaura igiya, ya zura ƙafa ɗaya, ya tsaya cak.

"Baba, ba zan iya ba. Ga Isa can yana kallona."

"Habu ne a ƙasa, ɗan banza!"

"Na sani. Isa nake gani."

Baba ya juyo. "Ƙwarya, kai fa?"

Na ce, "Tsoro nake ji."

"Me kake gani?"

"Rami."

"To ɗaura."

Kada wani ya ce muku jarumta ce. Na ji tsoro kamar kowa. Sai dai tsorona ba shi da fuska, ba abin da ya tsaya tsakanina da ramin. Bukar ya karɓi igiya, mutanen ƙauyen da ke kusa suka jeru a bayansa.

A irin wannan hali ba a taɓa dagi, da hannu ake tono. Ba a kuma ɗaga murya, don ihu yana kawo yashi. Ina tono Habu yana raɗa: "Salisu, ga 'yata Fanna can bakin ƙofa, wallahi ina ganinta. Kai wa kake gani?"

Na ce, "Kai. Kuma ba ka da kyan gani. Ɗaga hannu."

Na zura masa igiya ta hammata. Ƙafarsa ta hagu tana ƙarƙashin itacen, yashi yana zubo mini a wuya. In aka ja da ƙarfi ƙafar za ta tsinke, ga shi ba damar in kira na sama. Amma sai na ji igiya tana sassautawa in na durƙusa, tana ɗamewa in na ɗaga itacen, kamar mai riƙon yana tare da mu a ramin. A haka ƙafar ta fito. Aka ja shi, igiya ta dawo, aka ja ni. Ban gama tofar da yashi ba bangon ya rufta gaba ɗaya.

Na sami Bukar zaune, tafukansa duk jini. Na ce, "Yaya aka yi ka san lokacin sassautawa?"

Ya ce, "Rufe ido na yi. Ina jin igiya ina ganinka. Na ga ka durƙusa, na ga ƙafarsa." Sai ya kau da kai. "Ka yafe mini sunan nan."

Sunan dai bai tafi ba. Habu yana ɗingishi, kanwa yake sayarwa a kasuwa, ko leƙa rijiya ba ya yi. Ni kuwa duk ramin da ya ɓaci sai a ce a kira Ƙwarya, kuma na gaji. Baba Kyari ya rasu bara. Na san yana da giɓi, na san hularsa ja ce. Iyakar abin da ya rage mini ke nan.

Shi ya sa kowanenku ya zo neman aiki nake tambayarsa abin da yake gani in ya rufe ido, kuna ce mini taɓaɓɓe. Aikin nan na mutum biyu ne. Wanda ya ce mini ramin ya cika masa da fuskoki, ba na zaginsa, ba na tura shi ƙasa. Igiyata nake ba shi.